Turi na Goma Sha Takwas

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara a tashar Gidan Rumji ya san rumfar Safiyanu, ko da bai san sunansa ba. Mai rediyo ake ce masa har yau, alhali rediyo ta daɗe da barin hannunsa. Yanzu sai wayoyi masu fasasshen gilashi da fitilun sola da suka daina kamawa. Siriri ne, furfura ta fara cin gefen kunnuwansa, ba ya dogon ciniki, dariya ma sai ta kama dole. In ka ce aikinsa ya yi tsada, sai ya miƙo maka wayarka ya ci gaba da abin da yake yi. Mutanen tasha sun yanke masa hukuncin girman kai tun tuni, kuma sun yi kuskure kamar yadda suka saba. Abin da ke cin Safiyanu wasa ne guda ɗaya tak, wanda ya fara da wani dattijo a Cadakori, ya shekara goma sha bakwai yana neman hanyar ƙarasa shi.

Yana da shekara ashirin da huɗu lokacin da ya fara ɗaukar akwatinsa na gyaran rediyo yana zuwa kasuwar Cadakori. Wata rana ciniki ya mutu, ya tashi neman inuwa, sai ya ga wani dattijo ƙarƙashin itacen bedi a ƙofar wani gida, ya tasa allo mai gidaje fari da baƙi a gaba, yana tura 'yan gumaka na katako. In ya tura na nan sai ya juya allon ya tura na can. Safiyanu ya tsaya kallo har ya manta da akwatinsa.

Dattijon shi ne Malam Jika, malamin gona. Yana saurayi gwamnati ta tura shi karatu ƙasar Rasha, ya dawo da takardar shaida, da tari mai tashi duk lokacin sanyi, da wannan allon. Eshek ake kiran wasan. Ya nemi abokin yi a Cadakori har ya gaji. Masu dara suka ce gidajen sun yi yawa, masu karta suka ce babu hayaniya a ciki, liman kuwa ya dubi dokin katakon ya kau da kai. Shi ke nan Malam Jika ya koma wasa da kansa, yana cin kansa, yana jin haushin kansa.

"Kallo kake ko koyo?" in ji shi, bai ko ɗago ba.

Safiyanu ya ce koyo. Da ya san abin da kalmar nan za ta ja masa, da ya ce kallo ya koma bakin akwatinsa.

Malam Jika ya raɗa wa 'ya'yan wasan sunayen gida. Akwai sarki da sarauniya da doki, waɗannan ba su bukatar bayani. Mai kama da hasumiya ya ce rumbu ne. Mai tafiya a karkace, mahaukaci, kamar yadda Faransawa ma ke kiransa. 'Yan ƙananan da ke jere a gaba kuwa talakawa, tunda su ake fara turawa kuma su ke fara mutuwa. Cikin wata uku Safiyanu ya daina ba da sarauniyarsa a banza. Cikin shekara guda dattijon ya daina yi masa magana da muryar malami, ya koma kiransa abokin gaba, wanda a bakin Malam Jika babu yabon da ya fi shi.

Akwai wata buɗewar wasa da dattijon ke so kamar ransa, wadda ya ce a littattafai Dodo ake kiranta. Shi ke riƙe baƙaƙe. Yakan ɓoye sarkinsa a kusurwa, ya kwantar da mahaukacinsa a gabansa yana hangen allon daga wannan lungu zuwa wancan. Shi kuma mai farare sai ya kai nasa sarkin ɗaya ɓangaren.

"Duba nan, abokin gaba," yakan ce. "In sarakunan ga biyu sunka ɓuya gehe guda, wasan tsohhi na, sai a yi ta gaisuwa har rana ta hwaɗi. Amma in naka yab bi gabas nawa yab bi yamma, to babu sauran gaisuwa. Ka turo talakawanka bisa gidana, in turo rumbuna bisa naka. Wanda duk yat tsaya duba bayanshi sau guda, shi anka kashe."

Shekara takwas suna wannan tseren kowace ranar kasuwa. Safiyanu ya kan ci dattijon a wasu buɗewar, jefi-jefi, amma a Dodo bai taɓa ba. Kullum saura turi ɗaya ya kashe, kullum sai Malam Jika ya riga shi, ya yi tari, ya ce a kawo fura.

Mai kawo furar ita ce Salamatu, 'yarsa ta fari, wadda daga baya ta gama makarantar malamai aka ba ta aji a wata lakol, wato makarantar boko, da ke Gidan Rumji. Mutanen Cadakori sun ce ai dama mai rediyo ba don katako yake zuwa ba. Rabin gaskiya suka faɗa. Yana son Salamatu, ita ma tana son sa, ita ce ma ta fara tsayawa rumfarsa da rediyon da lafiyarta ƙalau. Amma a can ƙasan ransa ya yi wani lissafi na wauta: in ya zama ɗan gida, ba sai ya jira ranar kasuwa ba, allon zai zama nasa kowace Juma'a da kowace salla. Mutumin da ke hango turi shida a gaba, ya kasa hango abin da kowace tsohuwa a garin za ta gaya masa kyauta.

Wasan da ake magana a kai an yi shi ne farkon damina. Dodo ne, Safiyanu da farare. Ya tura talakan gefe ya ba da shi sadaka don hanya ta buɗe wa rumbunsa. Ya yi musayar mahaukacin nan mai gadin kusurwa, abin da ya daɗe yana nema, sarauniyarsa ta je ta zauna dab da sarkin dattijon, rumbu na bayanta. Doki ɗaya kaɗai ya rage mai tsaron ƙofa. In dokin nan ya gusa, wasa ya ƙare. Malam Jika ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki rumbunsa sukutum, ya cinye dokin da ke gaban sarkin Safiyanu da shi. Rumbu a bakin doki, hasara ce a fili, ga talaka nan kusa zai cinye shi. Ya ajiye ya harɗe hannu.

A daidai nan hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kwasar rumfunan kasuwa, direban motar ƙarshe yana ta danna oda. Safiyanu ya zana yadda 'ya'yan suke a bayan kwalin batir, ya tura a aljihu. Turi na goma sha takwas ne, kuma shi ke da shi.

"Tahi ka yi tunani," in ji dattijon yana tattara tabarma. "Ina nan."

Kafin kasuwa ta zagayo, baffan Safiyanu, Iro, ya ɗauki dattawa biyu da goro suka tafi Cadakori nema masa auren Salamatu. Safiyanu da kansa ya yi ta matsa masa a je, sai ga shi an je a makon da bai so ba. Aka ba su. Ranar kasuwa ya sauka daga mota da turinsa a baki, ya nufi bedin nan kai tsaye, sai Iro ya damƙo hannun rigarsa.

"Ina za ka? Wurin surukinka? Ka zamna tabarma guda da shi, gwiwa da gwiwa, kana ce mishi ka kashe sarkinshi? Kai, ba ka da kunya? Ko so kake a ce gidanmu ba a yi tarbiyya ba?"

Ranar Safiyanu ya cire takalmansa tun daga nesa, ya durƙusa a rana, ya ce, "Ina wuni, Baba." Malam Jika ya amsa yana duban ƙasa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi ruwa ko ya sauka wajensu. Allon ba ya nan. Mutanen da ke wurin suka yaba da ladabin yaron.

Aka yi biki bayan kaka. Kuma haka abin ya zauna. Ba wanda ya hana su da baki, wannan ne abin takaicin. Da doka ce da an san wanda za a roƙa. Surukai ba su cin abinci kwano ɗaya, ba su raha, ba su haɗa ido, balle su zauna yini guda kowa na neman wuyan ɗan'uwansa. A ganin Safiyanu, in za a karya wannan, babba ne zai fara, shi yaro ba ya da bakin cewa a fito da allo. Yana zuwa gaisuwa salla-salla da lokacin suna ko rasuwa, ya durƙusa, ya tashi. In ya saci kallon dattijon sai ya ga yatsunsa na motsi bisa gwiwa, amma bakin na maganar gero da farashin taki.

Safiyanu ya sa wani masassaƙi ya yi masa 'ya'yan wasa, dokin ya fito kamar akuya, ya zana allo a bayan teburin aikinsa. Can ya jera wasan nan, can kuma ya zauna. Hanya biyu ce a gabansa. Ta farko ya cinye rumbun. Riba ce, amma talakan da zai ci ya bar wurinsa ke nan, dangar sarki ta ɓalle, sarauniyar dattijon ta zagayo ta gefe ta shigo gida. Ya bi wannan hanya shekara biyu, bai taɓa fita daga cikinta da kwanciyar rai ba. Ta biyu ita ce ya yi kamar bai ga rumbun ba, ya tura wani talakan ya kori dokin da ke tsaron ƙofa. Dokin zai yi tsalle ya toshe hanyar rumbu. To sai shi ma ya ba da nasa rumbun a bakin dokin, ya jawo ɗaya rumbun ya maye gurbin. Kowa ya zubar da dukiyarsa, saura a ga wa zai riga. Ya ƙirga ya sake ƙirgawa, ya ga shi ke riga da turi ɗaya. Ranar da ya gano haka ya rufe rumfa tun la'asar, ya yi ta yawo a bakin gulbi kamar wanda aka yi wa albishir, ba shi da wanda zai gaya wa.

A shekara ta bakwai murnar ta zube. Ya lura da ɗaya mahaukacin dattijon, wanda ke zaune shiru a baya tun farkon wasa ba wanda ya kula shi. Ashe zai iya faɗowa tsakiya ya ba da ransa, ya buɗe wa sarauniya hanya. Safiyanu ya yi kwana uku abinci ba ya masa daɗi. Daga baya ya samo amsa, wani turin talaka mai kama da kuskure, ya bi shi har inda kansa ya iya kaiwa, ya ga kamar ya tsira. Kamar ne dai. Tun daga nan tambayar ta sauya. Ba ko zai ci ba kaɗai, a'a, shin dattijon ya hango mahaukacin nan ranar da ya harɗe hannu, ko kuwa jefa rumbun ya yi don ya tsorata shi? Mutum ɗaya ne a duniya ya san amsar, kuma yana nan da rai, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba.

Ya gwada ta wajen Salamatu. Ya rubuta turin a 'yar takarda ya ce ta miƙa wa babanta in ta je gida. Ta dube shi, ta dubi takardar.

"Ni? Ka manta ni ta ɗiyar hwari? Tun da anka haihe ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. In na shiga ɗaki shi hita yake. Ni za ni miƙa mishi takarda hannu da hannu?" Sannan ta faɗi abin da ya daɗe a ranta. "Wai ni kam, Sahiyanu, ni ka aura ko allon?"

Bai amsa da sauri ba, kuma jinkirin nan ya yi masa ɓarnar da ba ta gyaru ba. Sun ci gaba da zama, sun haifi 'ya'ya huɗu, ba ta taɓa yaji ba, amma daga ranar ba ta ƙara tambayarsa abin da yake tunani ba in ta ga ya yi shiru.

Ya koya wa mutum uku wasan a tasha, duka suka gudu suka koma ludo. Da manyan wayoyi suka zo, ya ga ana buga eshek a ciki da mutanen da ba a gani. Ya buga na ɗan lokaci, ya ci wasu, wasu suka ci shi, ba mai tari, ba mai cewa a kawo fura. Wani ma'aikacin buro, wato ofis, da ya kawo gyara ya nuna masa cewa in ka jera wa wayar kowane wasa, nan take za ta faɗa maka turin da ya fi. Safiyanu ya ce ya gode. Bai taɓa jera mata nasa ba. Ba amsar waya yake nema ba.

Bara, bayan an gama yankan gero, aka aiko cewa tarin Malam Jika ya kwantar da shi. Safiyanu ya hau kabu-kabu ya tafi. Ya tarar da zaure cike da masu dubiya: liman, da Iro wanda yanzu sai da sanda, da maƙwabta, da wasu tsofaffin abokan aiki daga Maradi. Dattijon na jingine da bango, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Safiyanu ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba. Aka yi gaisuwa aka gama. Sai Malam Jika ya ɗago kai, karo na farko cikin shekara goma sha bakwai ya dube shi ido cikin ido.

"Har yanzu ana tunani?" ya ce.

Mutanen zaure suka ɗauka zafin ciwo ne. Safiyanu kuwa ya ji maganar har tafin ƙafarsa. Turin na bakinsa, kalma huɗu ce ko biyar, ya maimaita ta sau dubu yana ɗaure waya. Ya buɗe baki. Ya ga liman na jan tasbaha, ya ga Iro ya zuba masa ido, ya ji tsit ɗin da zauren ya yi. Ya ce a ransa bari mutane su ragu, ranar kasuwa zai dawo da sassafe ya same shi shi kaɗai.

"Allah shi ƙara sauƙi, Baba," ya ce.

Dattijon ya ci gaba da kallonsa na ɗan lokaci, sannan ya mai da kansa jikin bango ya rufe ido. Kwana huɗu bayan haka, ana saura kwana biyu kasuwa, ya rasu da hantsi. Safiyanu na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Ranar sadakar uku aka ce surukarsa Inna Shatu na kiransa. Bai taɓa jin muryarta kusa ba, don ita kunyarta ta fi ta mijin. In ta hango shi a hanya sauya lungu take. Tana cikin ɗaki tana takaba, labule a sake, shi yana durƙushe a waje, Salamatu na tsaye a gefe. Tsohuwar ba ta yi magana da shi kai tsaye ba, da labulen ta yi.

"A gaya ma mai rediyo, ga kayan wasan nan, shi ɗauka, babu mai so nai nan gidan." Aka turo wani buhun shinkafa ta ƙarƙashin labulen, katako na ƙara a ciki. "Kuma a gaya mishi, ni dai na gaji da shimhiɗa. Kowace ranar kasuwa Malam sai ya sa na share bayan rumbu, inda ba mai gani, in shimhiɗa tabarma biyu, in dama hura kwano biyu. Shi jera abubuwan ga shi zamna. Ko baƙo yaz zo sai a ce ba shi nan. In la'asar ta yi shi kwashe. Na ce mishi, Malam, ka aika a kira shi mana, ɗanka na. Yac ce a'a, shi ad da turi, ba a kiran mutum shi zo shi yi turinshi, in ya gama tunani za shi zo." Ta ƙara da cewa, "Shina jin motarku in ta tsaya. Shina jin muryarshi cikin kasuwa shina ciniki. To ni abin da nike so in sani, mi yah hana shi zagayowa?"

Salamatu ta juyo ta dubi mijinta. Ita ma ba ta sani ba. Ba ta zuwa gida ranar kasuwa, tana aji.

Safiyanu ya dafa ƙasa da hannu biyu. Shekara goma sha bakwai yana cin kasuwar nan, rumfarsa ba ta fi taku ɗari biyu daga bayan rumbun ba. Ya nemi abin da zai ce wa tsohuwar, ya duba ko'ina cikin kansa, bai sami komai ba sai abin da ake cewa.

"Allah shi jiƙan Baba," ya ce.

"Amin," in ji labulen.

Ya ɗaure buhun a bayan kabu-kabu ya koma Gidan Rumji. Bai kwance bakinsa ba, yana nan ƙarƙashin teburin aiki tare da matattun batura. Allon da ya zana ya goge shi da kananzir. Kasuwar Cadakori kuwa ya bar ta, ya ce wa masu tambaya kuɗin mota ya fi ribar. Shekararsa hamsin yanzu, idonsa ya fara gajiya da ƙananan wayoyi, kuma in yana aiki leɓunansa na motsi, masu jiran gyara suna ɗauka zikiri yake. Salamatu ce kaɗai ta san ba shi ba ne. Wata rana ta kawo masa abinci rumfa, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, in yana so ya gaya mata turin, ko ba ta gane ba za ta saurara. Ya ɗago ya dube ta, ya ce ta bari kawai, ba ita ke da amsar ba. Ta ajiye kwanon ta koma lakol.